Gyaran Masaukin Baffa Sha'aban

Kantin Kwari, Kano
3 ga Maris, 2008

Zuwa ga 'yata Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatun likita, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke tashi in na daɗe a tsaye. Jiya na biya ta Yakasai na ga ɗan'uwana Malam Zayyad, mahaifinki, da Ummanki. Duk suna gaishe ki.

Ga dalilin takardar. Kin tuna gidan da na kama hayar shekara biyar a bayan titin Huanshi Lu, a bene na bakwai, wanda na nuna miki a zuwana na bara. Na gaji da zuba wa masu otal kuɗi. So nake a gyara shi ya zama masaukina da na 'yan kasuwarmu masu zuwa sari kasuwar Canaan, kuma mai gidan ta amince. A sa tayil, a yi fenti, a fasa banɗakin a fitar da wurin alwala inda mutum zai zauna ya wanke ƙafarsa cikin mutunci. Kicin ɗin a kankare shi tas, don ban san abin da aka riƙa dafawa a ciki ba. A gama kafin wasannin Olamfik na Agusta, lokacin duniya za ta cika China.

Ke kika iya yarensu, kuma ke jinina ce, kakanmu ɗaya da ubanki. Ki nemo mai aiki ya yi ƙiyasi. Ki rubuto min a takarda, ba na maganar kuɗi a waya. Ki ba Isufu, wanda ya kawo miki wannan, ya juyo da amsa.

Baffanki,
Alhaji Sha'aban

Guangzhou
19 ga Maris, 2008

Zuwa ga Baffa,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarka, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ina lafiya, sai laimar garin nan da ta sa bango yake gumi, wanki ba ya bushewa. A gaida su Hajiya.

Cikin gaggawa nake rubutu, don Isufu yana tsaye a kaina zai wuce filin jirgi. Na kai mutum uku suka duba gidan. Biyu suna ganin matakalar suka ce meyo, wato babu, ba za su iya ba, don benen ba shi da lif. Na ukun, Lawban Liang (lawban wato maigida), shi ya yi gyaran shagon wani ɗan Damagaram a unguwar Liwan, na je na ga aikin da idona, mai kyau ne. Ya ba da ƙiyasi iri biyu. Na farko kuɗin hannu, yuan dubu ashirin da takwas. Na biyu yuan dubu sittin da biyar, ya haɗa komai, a biya shi kashi uku.

Shawarata ka ɗauki na biyu, ya fi kwanciyar hankali. Kuma kowanne ka zaɓa, ka ware kamar kashi goma sha biyar cikin ɗari a gefe, saboda tsohon gini ne, ba wanda ya san abin da ke cikin bango sai an fasa.

Batun Olamfik kuwa, Baffa, a Beijing za a yi, kwana guda ne a jirgin ƙasa daga nan. Kuma na ji an fara tsananta biza.

'Yarka,
Ramlatu Zayyad

Kano
6 ga Afrilu, 2008

Ramlatu,

Bayan sallama, muna lafiya. Ummanki ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warware.

Na karanta ƙiyasin, kuma raina ya ɓaci da mutumin nan. Dubu ashirin da takwas ta koma sittin da biyar don kawai an raba biya kashi uku? Ko masu ba da bashi da ruwa ba sa haka. Shekarata talatin a Kwari, ba ɗan China ne zai koya min lissafi ba. Ki ɗauki na farko. Na sa Ma'azu, wakilina da ke ofishin kago a unguwar Xiaobei, ya ba ki kuɗin cif. A fara aiki gobe in da hali.

Wannan kashi goma sha biyar ɗin kuma ban san shi ba. A wurinmu in an yi ciniki an yi. Kada ki bari su ga yarinta a fuskarki.

Baffanki

Guangzhou
20 ga Mayu, 2008

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ni lafiya, girgizar ƙasar da kuka ji a rediyo a Sichuan aka yi, nesa da mu, ka faɗa wa Umma ta kwantar da hankalinta. Sai dai ta taɓa mu ta wata hanya: mai sa mana tayil ɗan can ne, ranar da abin ya faru ya ajiye kayan aikinsa ya tafi neman iyayensa, har yau ba labarinsa. Allah ya kyauta.

Na bi umarninka na ɗauki na farko, na sa hannu da sunana da lambar fasfona, tunda ba ka nan. Na ɗauka ka zaɓe shi ne don ka san kasuwar tayil ta garin Foshan kana so mu sayi kaya da kanmu. Da ma kuɗin hannu ladan ma'aikata ne kurum. Tayil, siminti, yashi, fenti, waya, bututu, ƙofofi, duk a kanmu suke. Na zaga kasuwa ranakun da ba ni da aji, na ƙiyasta kayan za su ci kamar dubu talatin da biyu in ba a zaɓi masu tsada ba. Ban da wannan akwai kuɗin masu hawa da kaya bene bakwai a kafaɗa, kowane buhu da farashinsa a kowane hawa, da kuɗin kwashe ɓaraguzai, da ajiyar da masu kula da benen suka karɓa kafin su bari a buga guduma ko ɗaya.

Sai kuma babbar. Da aka fasa banɗakin aka tarar bututun ruwan ya ruɓe. Suna taɓa shi ya fashe. Ruwa ya sauka ɗakin wata tsohuwa a bene na shida, ya zubo da silin ɗinta a kan gadonta. Baffa, da ka ga matar nan. Ta hawo da jiƙaƙƙen bargo a hannu ta jefa min a ƙafa, tana ta faɗa da yaren Kanton na mutanen garin nan, maƙwabta duk sun leƙo. Na ce mata da Sinanci, "Kaka, ki yi haƙuri, za a gyara." Ta ce, "Yaushe? Yau zan kwana a ina?" Lawban ya ce ba hannunsa, ba ya cikin yarjejeniya, kuma gaskiyarsa ce, na sake karanta takardar.

Don Allah ka sa Ma'azu ya ba ni dubu arba'in. Isufu zai taho da wannan tare da kofen yarjejeniyar.

'Yarka,
Ramlatu

Guangzhou
9 ga Yuni, 2008

Baffa,

Sallama. Ina lafiya. Shiru har yanzu, kuma na kira ka sau da dama kana cewa in rubuto. To ga shi na rubuto, ta hannun Alhaji Maidaji da zai taso yau. Dubu arba'in ɗin nan da na yi maka bayani, a taimaka a turo cikin makon nan. Aiki ya tsaya cak, kuma lamarin ya kai gaban 'yan sanda.

Ramlatu

Kano
17 ga Yuni, 2008

Ramlatu,

Lafiyarmu ƙalau, in ban da hawan jinin da takardarki ta tayar min.

Wane bayani? Wace dubu arba'in? Wata biyu ban ga layi ɗaya daga gare ki ba, sai makon jiya Maidaji ya miƙo min guntuwar takarda kamar ta mai bin bashi. An yi ciniki dubu ashirin da takwas kuɗi hannu, na biya a dunƙule ban rage ko sisi ba. Yanzu ki ce in ƙaro abin da ya fi kuɗin aikin gaba ɗaya? Gidan zinare ake gina min? Kuma me ya haɗa gyaran banɗaki da 'yan sanda, in ba so ake a tsorata ni ba?

Na tambayi Ma'azu a waya, ya ce ya leƙa gidan ya tarar da kango, ba tayil ko ɗaya, ba ma'aikaci ko ɗaya. To ina kuɗina suka shiga? Ko dai mutumin ya yi miki wayo, ko kuma akwai abin da ba ki faɗa min ba. Tun da kika kawo zancen kashi goma sha biyar jikina ya ba ni.

Ban ɓoye ba. Ranar Juma'a a zauren gidanku, gaban ubanki da kawunnanki da liman, na faɗi abin da ke raina: na ba yarinya amana ta mayar min da kango. Ba don zumunci ba da ba a zaure maganar za ta tsaya ba. Ba zan ƙara ko kwabo ba. Ki nemo min kuɗina ko ki nemo min gidana.

Alhaji Sha'aban

Guangzhou
4 ga Yuli, 2008

Zuwa ga Baffa Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ka tambayi kuɗinka, ba ka tambayi lafiyata ba, amma zan faɗa maka: ba ni da lafiya. Na rame, kuma na faɗi jarrabawa ɗaya, karo na farko tun da na shigo ƙasar nan.

Umma ta kira ni tana kuka har ba na jin abin da take cewa. Wai a gidan suna mata suka yi shiru da ta shiga. Abba kuwa kalma ɗaya ya ce min, "Ramlatu, kin ci kuɗin?" Ubana, Baffa. Mutumin da ya sayar da filinsa na Hotoro ya biya min kuɗin jirgi. Kai ka sa ya yi min wannan tambayar.

Ban taɓa rubuta maka kuɗi hannu ba. Kuɗin hannu na rubuta, ladan masu aiki. Ɗauko takardar ka sa tabarau ka duba. Na biyu na ce ya haɗa komai, me kake zaton na farkon ya bari? Na ce ka ɗauki na biyu ka ƙi. Na ce ka ware wani abu saboda abin da ke cikin bango, ka mayar da shi shaidar sata. Dogon bayanin da na yi maka tun Mayu yana jakar Isufu. Ya fita Hong Kong sabunta biza aka hana shi dawowa, kayansa na nan, shi yana can yana jira, bai kuma faɗa min ba sai shekaranjiya. Wannan ba laifinka ba ne. Amma tsakanin rashin ganin takarda da tara mutane a zauren ubana akwai tambaya guda da za ka iya yi min, ba ka yi ba.

Bari ka ji abin da ya haɗa banɗaki da 'yan sanda. Bututunka ya fashe ya rushe silin ɗin tsohuwar da ke ƙasa, ɗanta ya kai ƙara. Sunana ne a yarjejeniyar. A watannin nan da ake tare baƙaƙe a bakin gadar Xiaobei ana duba fasfo, ni aka kira ofishinsu. Na zauna a benci daga safe har la'asar. Jami'in ya juya fasfona ya ce, "Ke ɗaliba ce ko 'yar kwangila?" Ya ce in ba a sasanta ba zai rubuta wa makarantarmu. Ka san ma'anar wannan? Shekara huɗu na karatu, a sa ni a jirgi.

Na sayar da kwamfutata, na haɗa da alawus ɗina na wata biyu, na gyara bututun da silin ɗin, na saya wa tsohuwar katifa. Ni na riƙa hawa benen nan da ledar siminti a hannu don in rage kuɗin masu dako. Da littattafan aro na shiga jarrabawa.

Ga rasit na kowane yuan a cikin ambulan ɗin nan, na fassara kowanne da Hausa a bayansa. Na kulle gidan. Ba zan sake taka matakalar ba sai ka koma zauren nan, gaban mutanen nan, ka janye abin da ka faɗa. Ba kuɗina nake nema ba tukuna.

Ramlatu Zayyad

Kano
10 ga Agusta, 2008

'Yata Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki? Ki riƙa cin abinci. Gwiwata ta matsa min, damina ce.

Takardunki biyu sun iso rana ɗaya, ta Yuli da ta Mayu, don Isufu ya gaji da jira ya dawo gida ta Dubai, aka biyo shi da jakarsa. Na ɗauko ta Maris na duba. To, akwai "n" ɗin. Amma ke ma wane irin rubutu ne wannan, harafi kamar ƙafar sauro? Kuma me ya hana ki ce kuɗin aiki kamar yadda kowa ke faɗa? Mutum yana tsakiyar ciniki, ana ta hayaniya a shago, ya ga kuɗi ya ga hannu, me zai ɗauka? Shi kuma lawban ɗin, wane irin mai aiki ne zai zo gidan mutum ba ko buhun siminti? Isufu kuwa na wanke shi tas, ya riƙe takardar mutane wata biyu da rabi kamar tasa.

Ga shi an buɗe wasannin, muna gani a talabijin, mu kuma an hana mu biza. Mutum goma sha a layinmu an mayar musu da fasfo. Hayar gida tana tafiya ba mai kwana a ciki. Wannan wace irin ƙasa ce?

Na sa Ma'azu ya ba ki dubu arba'in, da abin da kika kashe, da kuɗin sabuwar kwamfuta. Na ɗora kashi goma sha biyar ɗin naki a kai, kada a sake kira na. Ki buɗe gidan a ci gaba.

Batun zaure kuwa, ni ba yaro ba ne da za a ce in je in tsaya. Na yi wa ubanki magana mu biyu, ya fahimta.

Baffanki

Guangzhou
25 ga Satumba, 2008

Baffa,

Wa'alaikumus salam, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Jikina da sauƙi, na sake zama jarrabawar na ci.

Kuɗi sun iso. Na ce ba zan koma ba, amma na koma, saboda sunana ne a takardar kuma Lawban yana da ma'aikatan da ke jiran haƙƙinsu. Mai tayil ɗinmu ya dawo, ya rasa mahaifiyarsa, mahaifin ya tsira. Shi ya yi wurin alwalar, na zauna na nuna masa yadda ake yi har ya gane tsayin da ya dace.

An gama. Siminti ya tashi, kuma wayar lantarkin kicin duk sai da aka sauya ta, wannan ya cinye fiye da rabin abin da ka ɗora. Don kada a wuce kasafi na fasa ƙofofin katako masu zane na sa na talakawa, na bar tayil ɗin ɗakin baya yadda yake tunda lafiyarsa lau. Ragowar kuɗin da rasit da makulli suna wurin Ma'azu.

Magana ku biyu da Abba ba ita na roƙa ba. A gaban mutane aka ɓata ni. Umma har yau ba ta zuwa biki. Na sauke amanarka, Baffa. Kada ka sake aiko ni.

Ramlatu

Bayan Huanshi Lu, Guangzhou
17 ga Oktoba, 2008

Ramlatu,

Sallama. Na iso shekaranjiya, an saki biza saboda baje kolin Kanton. Lafiya lau, sai dai benen nan ya kusa kashe ni, sau uku ina zama a matakala.

Daga cikin gidan nake rubuto miki. Gari ɗaya muke amma sai na ba Ma'azu takarda, don na kira kin ƙi ɗauka. Haka ake yi? Baffanki ya keto duniya ki bar shi da biredi da ruwan zafi?

Gidan ya yi. Mu shida ne a ciki yanzu, har da Alhaji Maidaji. Jiya ya yi alwala ya fito ya ce wa ya tsara wannan, na ce 'yata ce, likita. Ya ce, "Wadda ka ce ta cinye kuɗin?" Gaban kowa. Na rasa inda zan sa fuskata.

To ki ji. Ranar sallah bayan an sauko idi, da aka taru a zaurenku, na miƙe da gwiwar nan na ce abin da na faɗa a kan Ramlatu ba haka ba ne, ni na karanta takarda ba daidai ba, yarinya ta fi ni gaskiya, har kayanta ta sayar saboda gidana. Kawunki Dogara ya ce in maimaita bai ji ba, alhali sarai ya ji. Na maimaita. Liman ya yi addu'a. Ubanki ya share hawaye. Na hana su faɗa miki don ina so ki ji daga bakina, ga shi kin sa na rubuta.

Ummanki ce dai ta ƙi fitowa. Na yi sallama a ƙofar ɗakinta ta amsa daga ciki, ba ta ƙara komai ba.

Ki zo ranar Juma'a. Na taho da kuka da daddawa da kilishi.

Baffanki,
Sha'aban

Guangzhou
19 ga Oktoba, 2008

Baffa,

Wa'alaikumus salam, barka da zuwa, ya gajiyar hanya? Ina lafiya. Ba ƙin ɗaukar waya kaɗai ba ne, an fara kai mu asibiti, ba a barin mu da waya a ɗakin marasa lafiya. Amma har da ƙin.

Na karanta takardarka sau biyu, sannan na kira Abba ya tabbatar min. Na gode. Allah ya bar zumunci. Ni na yafe.

Zan zo Juma'a bayan an taso masallaci, zan yi muku tuwo, in duba gwiwar nan kuma, don ban yarda damina ce kaɗai ba. Sai dai kafin in ɗora tukunya akwai aiki ɗaya da ya rage. Za ka kira Umma da wayarka, ni zan danna lambar, ina zaune a gefenka. Ba za ka kawo zancen rubutuna ba, ko Isufu, ko hayaniyar shago. Za ka gaishe ta ka yi shiru.

Ka sayi katin waya mai yawa, Baffa, ka sayi biyu. Umma tana da magana, tun watan Yuni take tara ta.

'Yarka,
Ramlatu